Sharhi: Taskar ruwan da ke ƙarƙashin Borno, nawa za a iya ɗiba kuma har zuwa yaushe?

A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shanye wani babban sashe na Maiduguri da Jere, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da muhallansu. Bayan ruwan ya janye, birnin ya wayi gari da wata matsala ta daban, domin tafkin Alau shi ne tushen ruwan da matatar ruwan sha ta Maiduguri ke dogara da shi. Rijiyoyi marasa zurfi da dama sun gauraya da ƙazantar masai da ta magudanai, kuma cikin watan Oktoban wannan shekara gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar cutar kwalara.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 domin sake gina madatsar da inganta ta. Sai dai abin da ya faru ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya da masana ilimin ruwa suka daɗe suna yi: shin babban birni irin Maiduguri, da garuruwan arewacin Borno da Yobe waɗanda ba su da kogin da ke gudana duk shekara, za su iya mayar da dogaronsu kan ruwan da ke kwance can ƙasa, ɗaruruwan mitoci a ƙarƙashin ƙafafunsu?

Cewa akwai ruwan, wannan ba abin jayayya ba ne, domin an fi shekara 60 ana shan sa. Abin da ke buƙatar a tsaya a auna shi ne yawan abin da za a iya ɗiba a kowace rana ba tare da an karya ƙarfin taskar ba, da ingancin ruwan, da kuɗin fito da shi, da kuma wanda zai riƙe lissafin abin da ake ɗiba.

Hawa uku a ƙarƙashin ƙasa

Yankin da ake kira kwarin Tafkin Chadi wani makeken masaki ne da ya mamaye fiye da murabba'in kilomita miliyan biyu a tsakiyar Afirka. A tsawon miliyoyin shekaru koguna da tsofaffin tafkuna sun yi ta zuba yashi da laka a cikinsa, shimfiɗa kan shimfiɗa. Inda yashi da tsakuwa suka taru, ruwa na samun wurin zama a tsakanin ƙwayoyinsu. Inda yumɓu ya taru, sai ya zama murfi da ruwa ba ya ratsawa sai da ƙyar. Shimfiɗar yashin da ke riƙe ruwa kuma take iya sakinsa ga rijiya ita ce ake nufi da taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Tun a 1960 masana na hukumar binciken ƙasa ta Najeriya suka kasa taskokin ruwan yankin Maiduguri gida uku. Ta sama ba ta cika wuce zurfin mita 100 ba, kuma ita ce rijiyoyin hannu da galibin rijiyoyin burtsatse na gidaje da na 'yan ga-ruwa ke sha. Ta tsakiya tana kwance a wajen mita 300 zuwa 400 a ƙarƙashin Maiduguri, ƙarƙashin wani kakkauran murfin yumɓu, kuma ita ce ta fi faɗi, domin a cikin Najeriya kaɗai an ƙiyasta ta mamaye fiye da murabba'in kilomita 50,000. Ta ƙasa kuwa sai an haƙa kimanin mita 500 ko fiye kafin a tarar da ita.

Bambancin da ke tsakanin ta sama da sauran biyun shi ne ginshiƙin wannan batu baki ɗaya. Ta sama a buɗe take ga damina. Ruwan sama da ke nutsewa cikin jigawa, da ambaliyar kogunan Ngadda da Yedseram da Komadugu Yobe, suna mayar mata da wani sashe na abin da aka ɗiba. Wannan buɗewar ce kuma ke sa ƙazanta ta isa gare ta da sauri. Ta tsakiya da ta ƙasa a rufe suke, nauyin ƙasar da ke bisansu ya danne ruwan ya sa shi cikin matsi. Murfin yumɓun da ke kare su daga ƙazantar birni shi ne kuma ke hana ruwan damina isa gare su.

Zamanin rijiyoyi masu ɓulɓula

Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara huda wannan murfi. A wurare masu kwari, musamman daga Maiduguri zuwa gabar tafki, matsin ya kai inda da zarar bututu ya taɓa taskar tsakiya sai ruwa ya tunkuɗo har saman ƙasa ba tare da inji ba. Ga yankin da makiyaya ke tafiyar kwanaki da rani suna neman mashaya, wannan babban sauyi ne. Cikin 'yan shekaru aka haƙa ɗaruruwan irin waɗannan rijiyoyi a masarautun Borno da Dikwa, ƙauyuka suka kafu a gefensu, garkunan shanu suka ƙaru.

Tun a wancan lokaci masana ba su ruɗu da abin da suke gani ba. Rahoton da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta wallafa a 1968, wanda ta yi aikinsa tare da takwararta ta Najeriya, ya mai da hankali ne kacokan kan tsawon lokacin da ɓulɓular za ta ɗauka kafin ta mutu. Hujjar masanan mai sauƙi ce: kowace rijiya tana rage matsin da ke kewaye da ita, kuma idan rijiyoyi suka kusanci juna sai su riƙa cin matsin juna. Saboda haka aka ba da shawarar barin tazara tsakanin rijiyoyi da taƙaita abin da kowace ke fitarwa.

Ba a bi wannan shawara yadda ya kamata ba. An bar rijiyoyi da yawa suna kwarara dare da rana babu famfon rufewa, ruwan ya taru ya zama kududdufi, rana ta shanye mafi yawansa. Lissafin wannan asara ba mai wuya ba ne. Rijiyar da ke zubar da lita ɗaya kacal a daƙiƙa tana fitar da lita 86,400 a yini, wato fiye da lita miliyan 31 a shekara. Idan aka ba kowane mutum lita 50 a rana, wannan ruwa zai ishi mutum fiye da 1,700. Fari na shekarun 1970 da na 1980 ya ƙara tura jama'a ga haƙa, birnin Maiduguri ya bunƙasa, aka sa injuna a rijiyoyi masu zurfi. Sakamakon shi ne matsin ya yi ta raguwa, kuma rijiyoyi da yawa da a da suke tunkuɗo ruwa da kansu sun daina, sai an zura musu inji.

Ruwan da ya girmi tarihi

Dalilin da ya sa matsin bai farfaɗo ba ya fito fili ne lokacin da aka auna shekarun ruwan. Ruwan sama kan nutse cikin ƙasa ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14, wanda rabinsa ke narkewa a duk bayan shekara kimanin 5,730. Ta hanyar auna abin da ya rage a cikin ruwa, ana iya ƙiyasta lokacin da ya rabu da iskar duniya.

Binciken da masana suka yi a arewa maso gabashin Najeriya, ciki har da na Farfesa Ibrahim Baba Goni na Jami'ar Maiduguri tare da abokan aikinsa na hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, ya nuna cewa ruwan taskokin da ke rufe ya kai kimanin shekara 20,000 da shiga ƙasa, a wani zamani da yanayin yankin ya fi na yau sanyi. Wato ruwan da ake sha daga rijiya mai zurfin mita 350 a Maiduguri ya sauka ne tun kafin a kafa daular Kanem da Borno da dubban shekaru.

Ma'anar wannan ga masu tsara manufa a fili take. Taskar sama tamkar gona ce da ake girbewa duk shekara, gwargwadon kyawun damina. Taskokin ƙasa kuwa rumbu ne da aka gada cike, wanda abin da ke komawa cikinsa a yau bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake ɗiba. Ana iya ci daga rumbun gado, kuma babu hikima a bar mutane da ƙishirwa alhali ruwa na kwance. Amma wanda ke ci daga gado dole ya san abin da ya rage, ya kuma san abin da zai koma kai idan ya ƙare.

Yawan ruwa daban, abin da rijiya za ta bayar daban

A 2012 wasu masana na Birtaniya suka wallafa taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa na nahiyar Afirka, inda suka ƙiyasta cewa abin da ke kwance ya ninka ruwan da nahiyar ke samu sabo a shekara fiye da sau 100. Kwarin Chadi na daga cikin wuraren da taswirar ta nuna suna da kaso mai tsoka. Kafafen watsa labarai sun yayata wannan adadi, amma gargaɗin da ke tare da shi bai samu irin wannan yayatawa ba, wato cewa ba ko'ina ne ake samun rijiya mai ba da ruwa da yawa ba, kuma haƙa manyan rijiyoyi ba tare da nazarin wurin ba na iya ƙarewa da asara.

Ga taskar da ke rufe, akwai wani abu da ke ƙara rage abin da za a samu. A buɗaɗɗiyar taska mai yashi, idan ruwa ya sauka da mita ɗaya a faɗin murabba'in kilomita ɗaya, ana iya samun kimanin lita miliyan 100, saboda ruwan na tsiyayewa ne kai-tsaye daga tsakanin yashi. A rufaffiyar taska kuwa, yashin yana nan cike, abin da ke fitowa na zuwa ne daga sassautawar matsi, kuma saukar mita ɗaya a irin wannan faɗi na iya ba da lita dubu 100 kawai, wato kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ne ya sa rijiya ɗaya mai ƙarfi a taskar tsakiya ke iya rage matsi a rijiyoyin da ke nesa da ita da kilomitoci, kuma shi ya sa ƙididdigar yawan ruwan da ke kwance ba ta amsa tambayar mai son shayar da gari.

Amsar tana fitowa ne daga ayyukan da ba su da armashi a idon jama'a. Da farko ana tattara bayanan rijiyoyin da aka riga aka haƙa domin sanin kaurin yashi a kowane wuri, kasancewar taskar tsakiya ba shimfiɗa ɗaya ce mai kauri iri ɗaya ba: a wani wuri yashin na da kauri da manyan ƙwayoyi, a wani wurin siriri ne gauraye da laka. Sannan a haƙa rijiyar gwaji, a zura na'urori su karanta shimfiɗun ƙasa daga sama har ƙasa. Daga nan a kunna inji ya yi ta jan ruwa ba tsayawa na tsawon awa 72 ko fiye, ana auna saukar ruwan a cikin rijiyar da kuma a rijiyoyin sa-ido da ke kusa, sannan a kashe injin a auna saurin dawowarsa. Waɗannan alƙaluma ake zubawa a na'urar kwamfuta a gina kwatankwacin taskar, a tambaye shi abin da zai faru bayan shekara 20 ko 50 idan aka ci gaba da ɗiba a wani mizani.

Girman buƙatar ma abin lissafawa ne. Mutum miliyan ɗaya, a kan lita 50 kowanne, suna buƙatar lita miliyan 50 a kowace rana. Rijiya mai kyau da ke ba da lita 10 a daƙiƙa, idan ta yi aikin awa 20, za ta fitar da lita 720,000. Ke nan ana buƙatar irinta kusan 70, kafin a sa lissafin yoyon bututu, da asibitoci, da makarantu, da kasuwanni, da dabbobi. Idan aka cusa rijiyoyi 70 a cikin da'irar birni ɗaya, za su cinye matsin juna cikin ɗan lokaci. Idan aka warwatsa su a nesa, sai kuɗin shimfiɗa bututu da tsaron wuraren ya hau.

Inganci da tsada

Darasin da ya fi dacewa a tuna a nan ya fito ne daga ƙasar Kenya. A watan Satumban 2013 gwamnatin ƙasar da hukumar UNESCO suka sanar da gano manyan taskokin ruwa a yankin Turkana mai fama da fari, aka ƙiyasta yawansu da kubik mita biliyan 250, aka yi ta murnar cewa za su shayar da ƙasar shekaru masu yawa. Da aka gwada ruwan babbar taskar ta Lotikipi, sai sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna gishirinsa ya zarce abin da ɗan Adam zai iya sha, sai an tace shi da injuna masu tsada. An yi shelar tun kafin a kammala gwaji, kuma jama'ar Turkana ne suka ɗauki nauyin wannan gaggawa.

Borno ba ta cikin irin wannan duhu, domin an daɗe ana shan ruwanta mai zurfi, kuma a wurare da yawa ya fi na sama tsabta daga ƙwayoyin cuta. Duk da haka ruwan da ya shekara dubbai yana cuɗanya da ƙasa yakan narkar da ma'adanai. A taskar tsakiya narkakkun sinadarai na ƙaruwa yayin da ake nausawa wajen tafki, kuma an daɗe da sanin matsalar sinadarin ƙarfe da yadda ruwan ke cin bututun ƙarfe. Haka kuma ruwan na fitowa da ɗumi, saboda zafin ƙasa na ƙaruwa da kimanin digiri uku a duk mita 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 na sinadarin fuloraid da miligiram 50 na naitiret a kowace lita, kuma babu hanyar sanin ko rijiya ta cika waɗannan sharuɗɗa sai an kai ruwanta ɗakin gwaji, ba sau ɗaya ba, a kai a kai.

Cin bututu na da wani haɗari da ya wuce lalacewar rijiya ɗaya. Rijiya mai zurfi tana ratsa taskar sama kafin ta kai ta tsakiya. Idan ba a toshe kewayen bututun da siminti yadda ya kamata ba, ko bututun ya huje, rijiyar ta zama hanyar da ta haɗa hawa biyun. Muddin matsin ƙasa na da ƙarfi, tsohon ruwa zai riƙa tsiyaya zuwa sama a ɓoye, a yi asararsa ba tare da kowa ya gani ba. Idan matsin ya faɗi, sai lamarin ya juya, gurɓataccen ruwan sama ya gangara cikin taskar da ta shekara dubbai a tsare. Taskar da ta gurɓata a zurfin mita 350 ba ta da wanki.

Ta fuskar kuɗi, haƙa rijiyar mita 400 na buƙatar babbar na'ura, da bututu mai jure tsatsa, da ƙwararrun ma'aikata, kuma ta ninka rijiyar gida tsada sau da yawa. Sai dai babban kuɗin na zuwa ne bayan an buɗe ta. Abin da ke ƙayyade kuɗin wuta shi ne nisan da inji zai ɗaga ruwan daga inda matsi ya kawo shi. Duk mita ɗaya da matsin ya sauka ƙarin wuta ne ko man dizal a kowace rana, har ranar da za a ciro injin a ƙara masa bututu ko a sayi wanda ya fi shi ƙarfi. Maiduguri ta ɗanɗana abin da rashin wuta ke yi wa ruwa tun daga watan Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin da ke kawo mata lantarki daga Damaturu, birnin ya daɗe a duhu kafin a buɗe tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a 2023. Injuna masu aiki da hasken rana sun sauƙaƙa wannan matsala ƙwarai, amma sun zo da tasu: idan jan ruwa bai ci kuɗi ba, babu abin da ke sa mai rijiya ya kashe inji.

Sha ko noma

Duk lokacin da aka yi maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa a Arewa, maganar noman rani na biye da ita, kuma dalilin a bayyane yake ga yankin da rikici ya raba manoma da gonakinsu. Amma ma'aunin noma da na sha ba ɗaya ba ne. Hekta ɗaya ta alkama a irin wannan yanayi na shan miliyoyin litoci a kaka guda, abin da zai shayar da ɗaruruwan mutane shekara ɗaya cur. Ƙasar Saudiyya ta gwada noman alkama da tsohon ruwan ƙarƙashin hamada, har ta kai ga sayar da alkama a waje, amma da ta ga yadda taskokinta ke zurarewa sai ta sanar a 2008 cewa za ta janye daga shirin, ta kuma kammala janyewar a wajen 2016.

Borno ma na da nata darasin a gida. Babban aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi da ke yankin Marte, wanda aka tsara domin dubban hektoci, an gina shi ne a kan zaton cewa tafkin zai ci gaba da zama inda yake. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan girma a tsakiyar shekarun 1980, ya bar magudanai da injuna a busasshiyar ƙasa. Kafa babban aiki a kan ruwan da ba a auna ɗorewarsa ba kuskure ne da yankin ya riga ya biya kuɗinsa sau ɗaya.

Saboda haka masana da yawa ke ganin a keɓe taskokin ƙasa ga shan mutane da dabbobi da kuma lokutan gaggawa irin na Satumban 2024, a bar noman rani ga ruwan koguna da fadamu da taskar sama mai sabuntuwa. Hakan na nufin kare hanyoyin da ke ciyar da taskar saman. Madatsun Tiga da Challawa da ke Kano sun rage ambaliyar da ke malala a dausayin Hadejia da Nguru, wadda ke cikin abin da ke mayar wa ƙasa ruwa a kwarin Yobe, don haka yadda ake sakin ruwa daga waɗannan madatsu na shafar rijiyoyin da ke nesa da su da ɗaruruwan kilomitoci.

Wa ke riƙe da lissafi

Babban giɓin da ke cikin wannan lamari na hukuma ne. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ɗora wa Gwamnatin Tarayya ikon kula da ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya, na sama da na ƙasa. Akwai Hukumar Kula da Harkokin Ruwa ta NIHSA mai alhakin aunawa da adana bayanai, da hukumar da ke ba da lasisin amfani da ruwa, da Hukumar Raya Kwarin Tafkin Chadi mai mazauni a Maiduguri, ga ma'aikatun ruwa na jihohi. Ƙudurin dokar da aka so ya tattara waɗannan ayyuka wuri ɗaya ya sha faɗuwa a Majalisar Dokoki ta Ƙasa tun daga 2018, saboda fargabar da wasu sassan ƙasar suka nuna kan iko da filayen bakin koguna. A halin da ake ciki, gwamnatoci, da ƙungiyoyin agaji, da 'yan siyasa masu ayyukan mazaɓu, da masu hali, kowa na haƙa tasa rijiyar, kuma bayanan abin da aka tarar a ƙasa kan tsaya a hannun ɗan kwangila.

Rashin tsaro ya ƙara dagula aikin. Rikicin da ya fara a 2009 ya tura ɗimbin 'yan gudun hijira cikin Maiduguri, ya ƙara nauyi a kan rijiyoyinta, a daidai lokacin da ya hana masu awo isa ga yankunan karkara. Harin da aka kai wa tawagar masu binciken mai, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, a yankin Magumeri cikin watan Yulin 2017, ya nuna irin haɗarin da aikin fili ke tattare da shi. Na'urorin da ake sakawa cikin rijiya su riƙa rubuta tsayin ruwa da kansu na tsawon watanni na iya rage yawan zirga-zirga, kuma bayanan rijiyoyin neman mai da kamfanin NNPC ya haƙa a kwarin Chadi, waɗanda suka ratsa duk waɗannan shimfiɗu, na iya amfanar masu binciken ruwa idan aka buɗe musu su.

Haka nan taskar ba ta san iyakar ƙasa ba. Shimfiɗun da ke ƙarƙashin Borno sun miƙa zuwa jihar Diffa ta Nijar, da arewa mai nisa ta Kamaru, da yammacin Chadi. Hukumar Tafkin Chadi, wadda waɗannan ƙasashe huɗu suka kafa a 1964, ta amince da yarjejeniyar ruwa a 2012 da ta haɗa har da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta gudanar da aikin auna shekaru da asalin ruwa a ƙasashen Sahel 13 tsakanin 2012 da 2017. Harsashin haɗin kai yana nan, abin da ya rage shi ne musayar alƙaluma a kai a kai da amincewa kan iyakar abin da kowa zai ɗiba.

Matakan da ke gaba

Daga abin da bincike ya tabbatar, taskokin ƙasa na kwarin Chadi na iya ɗaukar nauyin ruwan shan ƙananan garuruwa da ƙauyuka na tsawon lokaci, kuma na iya zama madogara ta biyu ga Maiduguri a ranar da ruwan Alau ya yanke. Abin da ba za su iya ba shi ne ɗaukar birnin baki ɗaya tare da manyan gonakin rani, ana haƙa ba ƙaidi.

Matakan farko ba su kai kuɗin madatsa ɗaya ba. Ana buƙatar ƙidayar duk rijiyoyin da suka kai taskar tsakiya da ta ƙasa, da sa famfon rufewa a waɗanda har yanzu ke kwarara, da toshe matattun da siminti. Ana buƙatar rijiyoyin sa-ido a kowane hawa, waɗanda za a riƙa wallafa alƙalumansu duk shekara kamar yadda NIHSA ke wallafa hasashen ambaliya. Ya kamata kuma lasisin haƙa rijiya mai zurfi ya zo da sharaɗin miƙa bayanan haƙa, da sakamakon gwajin ruwa, da sa mitar da ke ƙirga abin da aka ɗiba, kuma sharaɗin ya hau kan gwamnati da ƙungiyoyin agaji kamar yadda ya hau kan ɗan kasuwa.

Yayin da ake sake gina Alau, lokaci ne da ya dace a ware wani kaso na kuɗin ayyukan ruwa ga wannan awo, domin tsarin ruwan Maiduguri na gaba ya tsaya a kan tafki da taskar ƙasa tare, kowanne da iyakar da aka sani.